Tiyer, garin maƙeran Faransa: inda askar Turawa ke fitowa, da yadda ake sayenta daga nesa

Daga Paris, mai son zuwa Tiyer yakan shiga jirgin ƙasa ya nufi kudu, tafiyar kamar awa uku da rabi, ya sauka Clermont-Ferrand, garin kamfanin Michelin, wanda duk mai babbar mota a Maraɗi ya san kuɗin tayarsa. Daga nan saura kilomita 40 ko ɗan fiye ta wajen gabas. Hanya tana ratsa wani shimfiɗaɗɗen fili na alkama da masara, sannan ƙasa ta miƙe tsaye gaba ɗaya, sai ga gari maƙale a jikin dutse, gida bisa gida. Faransawa suna rubuta sunansa Thiers, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan rubutu, don zai sake gamuwa da shi a jikin ƙarfe.

Garin ƙarami ne. Mutanensa ba su wuce dubu 12 ba, wato Maraɗi ta ninka shi fiye da sau ashirin. Amma fiye da rabin wuƙaƙen da ake ƙerawa a ƙasar Faransa daga nan suke fitowa, tun daga wuƙar tebur har ta mahauta. Titunan tsohon gari ƴan siriri ne, masu hawa da gangara, wasunsu ma matakala ce zalla, babu motar da ke bin su. Akwai gidaje na katako da ƙasa da suka haura shekara ɗari biyar a tsaye, mafi shahara a cikinsu shi ne gidan Pirou da aka gina wajen 1410. Duk inda baƙo ya juya kanti ne na wuƙa, an jera su bayan gilashi kamar yadda ake jera zinariya a wasu garuruwa.

Abin mamaki shi ne garin ba shi da tama, ba shi kuma da dutsen wasi. Ƙarfe daga nesa ake kawo shi, duwatsu ma haka. Abin da Allah ya ba shi ruwa ne. Ƙarƙashin gari, cikin wani kwazazzabo mai zurfi, kogin Durol ke gangarowa. In aka gwada shi da kogin Isa na Yamai, ƙorama ce kawai, sai dai yana faɗowa daga tudu da ƙarfi, kuma ƙarfin nan ne ya yi ɗaruruwan shekaru yana juya duwatsun wasi. Tun ƙarni na 15 takardu suka fara ambaton maƙeran wuƙa a garin.

Wanda ya shiga gidan tarihin ƙira da aka buɗe a 1982 zai ga yadda masu wasi suke aiki a da, kuma da wuya ya manta. Dutsen wasin babba ne, ruwa ke juya shi, ƙasansa yana jiƙe kullum. Mai wasi ba ya tsayawa, ba ya zama. Rub da ciki yake kwantawa bisa wani katako da aka gitta saman dutsen, ya saki hannuwansa ƙasa, ya danna ƙarfe da dukan nauyin jikinsa. Haka zai yini, daga safe har duhu, cikin ɗaki mai laima da sanyin da ke shiga ƙashi. Shi ya sa kowanensu yake da kare da aka hora ya kwanta masa bisa ƙafafu don ya ɗuma shi. Ruwan dutsen yakan rine musu riga, har aka yi musu laƙabi da masu rawayan ciki. Ƙurar dutse tana cin huhunsu sannu a hankali, wani lokaci kuma dutsen ya fashe yana cikin gudu, ya tafi da wanda ke samansa. Duk da haka su ne masu ji da kai a cikin ma'aikatan garin, domin kaifi a hannunsu yake, kuma wuƙar da ba ta da kaifi guntun ƙarfe ce.

Aikin a rarrabe yake tun asali. Wani ke ƙera ruwan wuƙa, wani ya wasa, wani ya sassaƙa ƙota, wani ya harhaɗa. Masu harhaɗawa galibi manoma ne na ƙauyukan kan dutse, waɗanda in sanyi ya hana su gona sai su zauna gida da kwandon aiki, kamar dai yadda manomin ƙasar Hausa ke da sana'ar rani. Da yake hannu da yawa ke taɓa wuƙa guda, dole aka nemi hanyar sanin wanda zai ɗauki alhakinta. Tun ƙarshen ƙarni na 16 ƙungiyar maƙeran garin ta kafa doka: kowane mai maƙera da tambarinsa, ana buga shi a kan wani allo na dalma da ake ajiye, kuma ba wanda ya isa ya buga na wani. Tambari ya zama dukiya, ana gadonsa, ana sayar da shi, ana zuwa gaban alƙali saboda shi. Matsalar da mai saye ta intanet ke fama da ita yau, ita ce maƙeran nan suka yi wa magani da allon dalma shekara ɗari huɗu da suka wuce.

Akwai wata tsohuwar alaƙa tsakanin garin da ƙasarmu, ko da yake ba kowa ya sani ba. A 1929 maƙerar Cognet ta Tiyer ta fitar da wata wuƙar aljihu mai araha, mai ƙota ta ƙarfe naɗaɗɗe, ta sa mata suna Douk-Douk. Don tsibiran tekun Pasifik aka yi ta, amma a Afirka ta Arewa ta sami kasuwa, daga can ta bi fatake ta tsallako hamada. Da aka lura Musulmi ba su son surar dodon da ke jikin ƙotar, sai aka fitar da wata mai suna El Baraka, aka zana mata alamar nan ta Agadas da maƙeran Abzin ke yi da azurfa. Har yau ana ƙera su a garin.

Cikin kwazazzabon kuwa, manyan masana'antu na dā suna nan jere bakin ruwa, mafi yawansu kango. Da lantarki ya zo, ba a sake bukatar kogi ba, sai kamfanoni suka sauka fili inda mota ke iya shiga, daga baya kuma kayan Asiya masu araha suka rufe da yawa daga cikinsu. Ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginen sunansa Creux de l'Enfer, wato ramin jahannama, kuma wanda ya tsaya a gadar ya ji rugugin ruwa ba zai tambayi dalilin sunan ba. Tun 1988 aka mai da shi gidan nuna zane-zane.

Aska

A cikin duk abin da garin ke ƙerawa, aska ce ta fi wuya. Ita ce wadda Faransawa ke kira coupe-chou: dogon ruwa mai naɗewa ya shige tsakanin ɓangarori biyu na ƙota. Gidan da ya shahara da ita a Tiyer shi ne Thiers-Issard, wanda wani maƙeri mai suna Pierre Thiers ya kafa a 1884, ya haɗa sunansa da na gidan matarsa. Kamfanin ya sayi wasu tsofaffin tambura, irin su Le Grelot, yana ci gaba da buga su.

Ana fara buga ƙarfe da zafi a fitar da siffar aska, a huda inda ƙusa za ta shiga. Sai a gasa shi ya yi ja, a tsoma cikin mai don ya taurara, a sake ɗuma shi kaɗan don kada taurin ya yi yawa ya riƙa karyewa kamar kwalba. A nan ingancin aska yake, kuma a nan ne ido ba ya gani. Aska biyu za su iya zama iri ɗaya a hoto, ɗaya ta riƙe kaifi wata da watanni, ɗayar ta dakushe kafin a gama kunci guda. Bayan haka sai rarake: ana tura ruwan askar tsakanin duwatsu biyu masu juyawa, suna cin gefe da gefe, har bayanta ya rage da kauri amma bakinta ya koma kamar takarda. Gwanin aikin yakan danna bakin bisa farcen babban yatsa, ya ga ƙarfen ya ɗan lanƙwasa ya koma. Wadda aka rarake sosai tana yin wata ƴar ƙara in tana cin gashi, shi ya sa ake rubuta évidé sonnant a jikin wasu, wato rarakakkiya mai amo. Koyon wannan mataki kaɗai shekaru yake ɗauka, kuma masu iya shi a Turai duka ba su da yawa.

Dalilin ƙarancinsu sananne ne. A 1903 kamfanin Gillette na Amurka ya fara sayar da abin aski mai reza da ake jefarwa, lokacin yaƙin duniya na farko aka raba wa sojan Amurka miliyoyinsa, suka koma gida da sabon sabo. A 1975 Bic ya fitar da na roba wanda ake yarwa gaba ɗaya. Shefil ta Ingila, wadda asakenta suka cika duniya a ƙarni na 19, yau tsofaffin nata ake nema. Abin da ya rage shi ne Tiyer, da Solingen ta Jamus inda gidaje irin su Dovo, wanda aka kafa a 1906, da Böker suke, sai ɗaiɗaikun maƙera masu aiki su kaɗai. Intanet ce ta farfaɗo da sana'ar, domin ta haɗa ƴan tsirarun masu so da ke warwatse a duniya da ƴan tsirarun masu ƙira.

Bahaushe ba baƙon aska ba ne. Tun ranar suna ake fara sa masa ita a kai, kuma zabirar wanzami da sarautar Sarkin Aska sun girmi duk kamfanonin da aka ambata. Askar wanzami maƙerin gari ke ƙera ta, mai saye yana tsaye, ya taɓa, ya gwada a gashin hannu, in ta ƙi ya san ƙofar da zai koma. Abin da ya sauya shi ne zancen lafiya. Tun da ciwon sida ya bayyana, ga kuma ciwon hanta da ke bin jini, likitoci suke gargaɗi kan aska ɗaya kai goma, kuma gargaɗin gaskiya ne. Askar Tiyer ba ta kuɓuta daga wannan hukunci ba don tsadarta. Ta mutum ɗaya ce, ba a aronta, ko tsakanin wa da ƙane. Mai shagon aski abin da ya dace da shi ita ce wadda ake kira shavette, mai siffar aska amma rabin reza ake saka mata a cire bayan kowane mutum.

To me zai sa ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya nemi irin wannan aska? Na farko, sau ɗaya ake saye, in an kula da ita har jika ya gada. Na biyu, masu murɗaɗɗen gashi irin namu suna fama da ƙurajen aski a wuya da haɓa, saboda gashin da aka yanke ƙasa da fata yakan lanƙwasa ya koma ciki, kuma abin aski mai reza uku ko biyar jere ya fi jawo haka. Baki ɗaya ya fi sauƙi ga fata, in dai mutum ya bi inda gashi ya kwanta, bai yi ta maimaitawa yana neman santsi ba. Wanda ya nace sai ya ƙwalƙwale, ko da askar sarki ce ƙurajen za su fito.

Cinikin biri a sama

Wanda ya rubuta coupe-chou a wayar salula, dubban hotuna za su fito masa, daga ta jikka uku har ta jikka ɗari biyar, kowace ana rantsuwa ita ce ta ainihi. Tarkon farko suna ne. Mutanen Tiyer sun fi kowa sanin haka. Sunan Sabatier da ake gani a wuƙaƙen girki ba na gida ɗaya ba ne, kamfanoni da dama ke amfani da shi, sai an duba ƙaramar alamar da ke kusa da shi, giwa ko zaki ko harafi, sannan a san mai shi. Laguiole kuwa sunan wani ƙauye ne a kudancin Faransa, kuma da yake an daɗe ba a kare sunan da doka ba, ana buga shi a kan kayan da aka yi a Sin da Pakistan, yayin da maƙeran ƙauyen da na Tiyer suka kwashe shekaru suna shari'a kan wanda ya cancanci sunan. Jamusawa sun fi tsanani: tun 1938 suke da doka kan sunan Solingen, aka sabunta ta a 1994, kuma ba a yarda a buga shi ba sai a kan abin da aka yi muhimman matakan aikinsa a yankin garin. Amma dokar Jamus ba ta hana wani a wata nahiya ya buga haruffa takwas a jikin ƙarfe. Akwai kuma masu wayo da ke rubuta cewa ƙarfen na Jamus ne, ko fasalin na Faransa ne, su yi shiru kan inda aka ƙera.

Tarko na biyu ado ne. Ana yawan tallar asake masu zane kamar igiyar ruwa a jikin ƙarfe, ana kiransu damas, da ƙota mai walƙiya da akwati mai kyau, a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Yawancinsu na ajiya a gilashi ne, ba su ɗaukar kaifin aski ko an kwana ana wasawa. Sabuwar aska daga sanannen gida na Tiyer ko Solingen da wuya a same ta ƙasa da yuro 100, kuma tunda yuro guda yana daidai da sefa 656, kusan jikka 66 ke nan kafin kuɗin aikowa da na duwan. Wanda aka yi wa tayin irinta sabuwa a jikka goma ya san abin da ake sayar masa. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ta aski ma.

Alhazan da suka yi fataucin goro da shanu sun san cewa baƙo ba ya ciniki a garin da bai sani ba sai ta hannun mai masauki ko dillalin da ke da gida da suna, wanda in kaya suka ɓaci akwai inda za a same shi. Haka abin yake a intanet. Manyan kasuwanni irin su eBay da Amazon da AliExpress fili ne kawai, kowa na iya kafa rumfa a ciki, kuma sunan kasuwar ba lamuni ba ne ga mai rumfar. Abin nema shi ne gidan mai sayarwa. Doka ta tilasta wa duk kantin intanet na Faransa ya bayyana sunansa da adireshinsa da lambar rajistarsa a wani shafi da ake kira mentions légales. Lambar, wadda ake kira SIRET, tana da alƙaluma 14, kuma ana iya bincika ta kyauta a rajistar kamfanoni ta gwamnatin Faransa, a ga shekarar da aka buɗe kantin da ko yana nan da rai. A Jamus irin wannan shafi sunansa Impressum. Kantin da ba shi da ko ɗaya, sai lambar WhatsApp, a wuce shi. Wanda bai gamsu ba yana iya rubuta wa maƙerar kanta ya tambaya ko ta san wannan kanti cikin masu sayar da kayanta.

Ana kuma gane mai sana'a daga abin da ke rumfarsa. Wanda ke sayar da aska tare da fatar wasi da duwatsu da sabulu, yana kuma karɓar asaken mutane ya wasa musu, ya san abin da yake yi. Wanda ke sayar da ita tare da agogo da takalmi da cazar waya, kwali kawai ya sani. Tambaya guda ta isa ta raba su: an wasa askar nan har ta isa aski, wa ya wasa ta, kuma da wane dutse? Tambayar ba ta raini ba ce, domin sau da yawa aska takan fito daga masana'anta da kaifin da bai kai na fuska ba, sai an ƙara mata hannu. Na kirki zai amsa dalla-dalla, wataƙila ya ambaci dutsen nan rawaya na ƙasar Beljiyam da ake kira coticule, ko duwatsun Japan. Wannan ne ya fi komi muhimmanci ga sabon shiga, saboda wanda bai taɓa jin kaifin gaske ba, in askarsa ta farko tana jan gashi, ba zai san ko laifinta ne ko na hannunsa ba. Ra'ayoyin masu saye da ake bugawa ƙarƙashin kaya suna da amfani, amma na masu ƙorafi ya kamata a fara karantawa, a ga abin da suka yi kuka da shi da yadda mai kanti ya amsa musu. Yabo ana sayensa.

Wajen zaɓe, ba a bukatar dogon nazari. Faɗin ruwan aska da kashi takwas na inci ake auna shi. Mai 5/8, wato kamar milimita 16, ita ta fi dacewa da mai koyo, tana shiga ƙarƙashin hanci ba wahala. Kan ta ya zama mai zagaye, domin mai kusurwa takan soki kunne da gefen hanci kafin hannu ya saba. Baƙin ƙarfe ya fi sauƙin wasi amma yana tsatsa, wanda ba ya tsatsa kuwa ya fi haƙuri da laima. Ƙotar roba ko ta itace ta isa, tunda ƙaho da sauran ado kuɗi kawai suke ƙarawa, ba kaifi ba. Abin da ba a bari a baya shi ne fatar wasi. Kafin kowane aski ana shafa askar a kanta sau talatin ko fiye, baya na gaba, baki na biye, kuma wanda ya sayi aska ba fata ya sayi doki ba linzami.

Tsofaffin asake kasuwa ce ta daban, kuma a nan ake tsintar dami a kala, a nan kuma ake yin asara. Askar Shefil ko Solingen ko Tiyer da ta shekara tamanin tana iya fin sabuwa, a rabin kuɗinta. Sai dai a nemi hoto na kusa, gefe biyu, cikin haske. Tsatsa a baya ana goge ta, amma wadda ta ci baki ta gama da askar. Tsaga komi ƙanƙantarta ba ta gyaruwa. In bayan askar ya lallatse ya yi faɗi, alama ce an wasa ta har ta tsufa, in kuma tsakiyar bakin ya shige ciki kamar lauje, gyaranta sai gwani. Mai ƙotar hauren giwa a bar ta inda take, domin tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, kuma ana iya kama ta a hanya. Mai koyo ya fi samun kwanciyar hankali in ya saya daga masu gyaran tsofaffin asake da ke sayar da su wasassu, maimakon magadan da suka tsinci ta kakansu a akwati.

Saura biya da kawowa. Katin banki ya fi aminci, saboda yana barin shaida kuma akwai hanyar ƙorafi ta banki. Mai kantin da ya ce a tura masa kuɗi da sunan wani mutum ta Western Union ko makamancinta, ciniki ya ƙare daga nan, kamfanonin aika kuɗin da kansu suna gargaɗi kada a biya wanda ba a sani ba ta hanyarsu. Dokar Faransa ta ba wanda ya saya daga nesa kwana 14 ya mai da kaya in ya fasa, amma wannan tsakanin mai saye da kanti ne, ba ta shafi cinikin mutum da mutum ba, kuma daga Tawa ko Damagaram kuɗin mayarwa na iya cinye ribar hakkin. Ma'aikatan kuɗi sun san wani abu da sauran jama'a ke mantawa: farashin da ake nunawa a kantunan Faransa ya haɗa da harajin TVA na kashi 20 cikin ɗari, wanda bai hau kan kayan da aka aika wajen Tarayyar Turai ba, don haka a tambaya a cire shi. Abin da aka rage can, duwan za su karɓi nasu a nan, saboda haka a ajiye faktir. Kada a yarda da aike marar lambar bibiya. Kantuna da yawa ma ba su aikowa Nijar, shi ya sa mutane ke sa adireshin ɗan'uwa ko ɗalibi da ke Faransa, ya taho da ita in zai zo hutu. A tuna masa ya sa ta cikin babbar jaka da ke shiga ƙarƙashin jirgi, don in tana jakar hannu za a karɓe ta a filin jirgi.

In ta iso, yanayinmu yana da nasa hukunci. Da damina baƙin ƙarfe yakan yi tsatsa cikin dare ɗaya in aka naɗe shi da laima, sai a share shi sarai, a bar shi buɗe ya sha iska, a ɗiga masa man keken ɗinki in za a daɗe ba a taɓa ba. Da hunturu kuwa bushewa ke tsaga ƙotar itace da ta ƙaho, fatar wasi ta ƙandare, ƙura ta hau ta ta riƙa cin bakin askar, don haka a rufe ta cikin ƙyalle. Ba a yanka takarda ko zare da ita don gwaji, ba a kuma kai ta wurin mai wasa wuƙar mahauta. Ranar farko kunci kawai ake askewa, askar kusan kwance a fata, a ƙarasa sauran da abin da aka saba, a bar haɓa da leɓe sai mako na biyu ko na uku.

Ɗan kasuwar da harka ta kai shi Faransa a watan Mayu yana iya raba kansa da duk wannan bincike. A watan ne Tiyer ke yin bikin Coutellia na shekara-shekara, kwana biyu, inda maƙera daga ƙasashe da dama ke baje kayansu, kowa tsaye bayan teburinsa. Daga Liyon babbar hanyar A89 tana kaiwa garin cikin kamar awa ɗaya da rabi a mota. Masaukai kaɗan ne a garin kuma sukan cika lokacin bikin, saboda haka da yawa daga baƙi a Clermont-Ferrand suke kwana, su shigo jirgin safe.